Ina Yaran da Suka Ɗauko Mana Kofi Suke Shiga?

Sau biyar Najeriya tana ɗaukar kofin duniya na ƙwallon ƙafa na 'yan ƙasa da shekara 17: a Sin a 1985, a Japan a 1993, a Koriya ta Kudu a 2007, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, sai kuma a Chile a 2015. Babu ƙasar da ta kamo ta, ko Brazil sau huɗu ta ɗauka. Ghana ma ta ɗauka sau biyu, a 1991 da 1995. Amma a gasar manya Super Eagles ba su taɓa wuce zagayen ƙasashe 16 ba. Duk mai bin harkar tamaula ya san da haka, kuma a gidajen kallon ƙwallo akan tayar da zancen, a yi musu, a watse. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne su yaran kansu. Waɗanda muka yi wa tafi, har ƙannenmu suka riƙa laƙaba wa juna sunayensu a filin unguwa, ina suka shiga bayan biki ya watse?

Mu ɗauki gasar 2007. Macauley Chrisantus na Najeriya ne ya fi kowa zura ƙwallo, guda bakwai, aka ba shi takalmin zinare. Wanda aka zaɓa gwarzon gasar kuwa wani yaro ne Bajamushe, Toni Kroos. A wasan ƙarshe yaranmu suka doke Sifaniya a bugun fenareti, mai tsaron gidan Sifaniya a ranar shi ne David de Gea. Kroos ya je ya ci kofin duniya na manya a 2014, ya ɗauki kofin zakarun Turai sau shida kafin ya rataye takalmi a 2024. De Gea ya shafe sama da shekara goma yana tsare wa Manchester United gida. Chrisantus ya tafi Hamburg, bai samu gurbi a babbar ƙungiyar ba, aka yi ta ba da shi aro a rukuni na biyu, daga nan ya bi Sifaniya, Turkiyya, Girka, har Finland. Rabi'u Ibrahim, mai lamba goma a tawagar, wanda aka riƙa kira magajin Jay-Jay Okocha, ya ratsa Sporting da PSV da Celtic bai zauna ba, sai a Slovakia ya samu wurin da ƙafarsa ta tsaya.

Shekara biyu bayan haka gasar ta zo gida, aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi da sauran birane. Brazil ta zo da Neymar da Coutinho da Casemiro, kuma ko zagayen farko ba ta tsallake ba. Gwarzon gasar shi ne Sani Emmanuel na Najeriya, wanda ya ci ƙwallo biyar alhali yawanci daga benci yake tasowa. Switzerland ta doke mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja, a cikin yaranta akwai Granit Xhaka, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Arsenal, ya ci gasar Jamus da Leverkusen a 2024. Sani ya koma Lazio a Italiya, bai taɓa buga wa manyansu wasan gasa ba, rauni ya matsa masa, ya bar ƙwallo a shekarun da sa'o'insa ke fara cin moriyarta.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Haruna Babangida, ɗan Kaduna, ƙanin Tijjani Babangida na Ajax da Super Eagles. Yana ɗan ƙanƙani Barcelona ta ɗauke shi zuwa makarantarta ta La Masia, kuma a 1998, yana da shekara 15, koci Louis van Gaal ya sa shi cikin manya a wasannin share fage. Mikel Arteta, wanda suka zauna tare a makarantar, ya faɗa da bakinsa bayan ya zama kocin Arsenal cewa a wancan lokacin bai ga yaron da ya kai Haruna baiwa ba. A tuna, makarantar da ta raini Xavi da Puyol da Iniesta ke nan. Amma Haruna bai taɓa buga wa manyan Barcelona wasan gasa ko ɗaya ba. A gabansa akwai irin su Figo da Rivaldo, shi kuma ya yi ta jira a ƙungiyar matasa shekara na bin shekara. Da ya bar Sifaniya ya tafi Ukraine, ya je Olympiacos ta Girka, ya ratsa Cyprus da Rasha da Jamus da Holland da Austria, ya ƙare a tsibirin Malta.

Adalci shi ne a faɗi cewa waɗannan da na ambata ba su tashi a tutar babu ba. Sun ci abinci da ƙafarsu, sun ga duniya, wasu sun gina gidaje. Abin da ya kuɓuce musu shi ne matsayin da aka yi musu hasashe. A ƙarƙashinsu kuwa akwai dubbai da jarida ba ta taɓa buga sunansu ba: gwanin unguwa da ya bar makaranta a aji uku na sakandare, wanda aka sayar da gonar gado aka tura shi gwaji, wanda gwiwa ta kwantar yana da shekara 19. Don su nake wannan rubutu, domin abin da ke karya shahararren nan shi ke karya su, sai dai su babu abin da za su faɗa a kai idan sun faɗo. Kuma idan aka bi diddigi, da wuya a ce baiwar ce ta gudu. Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne tsakanin shekara 14 da 20, kuma manya ne ke yanke shawarar da ke jawo ta, mu iyaye da yayye da kociyoyi da dillalai.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wurare da yawa haka ne, amma a ƙwallon yara maganar takan yaudari mutum. Yara ba sa girma tare. Wani yana da shekara 14 ya riga ya yi ƙirji da tsawo da gudu irin na saurayi, sa'ansa kuwa har yanzu jikin yarinta gare shi. Na farkon zai riƙa ture kowa a fili, a ce ya fi ƙarfin sa'o'insa, kuma da yake ƙarfi na isar masa ba zai matsa wa kansa ya koyi sarrafa ƙwallo da ƙafar hagu ba, ko ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso shi, ko sanin inda zai tsaya idan ba ta hannun ƙungiyarsa. Wancan ƙaramin dole ta sa ya koyi duk waɗannan don ya tsira. Ranar da suka kai shekara 20 jiki ya daidaita, sai ka ga gwanin jiya ba shi da abin da ya fi kowa. Ko a Ingila, inda ake da filaye da likitoci da kuɗi, ɗan jarida Michael Calvin ya kawo a littafinsa na 2017 cewa cikin yara kusan miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a tsare, kimanin 180 ne kawai za su kai gasar Firimiya. Uban da zai jingina rayuwar ɗansa gaba ɗaya a kan ƙwallo ya kamata ya san irin wannan lissafi tun kafin ya amince.

Mu kuma muna da namu ciwon da muka ƙara a kai, wato rage shekaru. Kowa a harkar ya san akwai shekarun haihuwa, akwai "shekarun ƙwallo". Saurayi mai shekara 21 zai je a yi masa takardar rantsuwa a kotu ya koma ɗan 16, a yi fasfo a kan haka, koci ya kau da kai, iyaye su sa albarka. Ba sabon abu ba ne: a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma karɓe damar da aka ba ta ta karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 aka fara amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, domin akwai wata gaɓa a ƙarshen ƙashin da ba ta gama haɗewa sai mutum ya gama tsawo, kuma idan aka ga ta haɗe sarai to kusan tabbas ya wuce shekara 17. A 2016 'yan wasa 26 ne suka faɗi wannan gwaji a sansanin Golden Eaglets, wato tawagarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17, ana dab da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da masu riƙe da kofin duniya, ta kuma je gasar Indiya a 2017, karon farko a tarihinta, har ta kai zagaye na biyu. A Kamaru ma, a farkon 2023, lokacin da Samuel Eto'o ke shugabantar hukumar ƙwallon ƙasar, 21 cikin 30 ne suka faɗi.

Ba na zargin ko ɗaya daga cikin waɗanda na ambata da suna, kuma na san a ƙasar Hausa akwai yara da yawa da ba a yi musu rajistar haihuwa ba, iyayensu ma sai dai su ce an haife shi shekarar da aka yi kaza. Ita na'urar ma takan kayar da mai gaskiya idan jikinsa ya yi saurin girma. Amma wanda ya rage da gangan ya sani kansa ya fara cuta. Ƙungiyar Turai tana sayen ɗan shekara 17 ne don abin da take sa ran zai zama nan da shekara biyar. Idan a gaskiya 23 gare shi, ya riga ya kai iyakar abin da zai iya, kociyoyi za su jira ci gaban da ba zai zo ba, sannan su sallame shi su ce ba ya koyo. A takarda yana da 27, lokacin da ɗan wasa ke kan ganiyarsa, amma gwiwoyinsa na mai shekara 33 ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sannan akwai wanda aka zalunta a ɓoye, wato ɗan shekara 15 na gaskiya da aka kora daga sansani saboda ya kasa ja da gardi, ya koma gida yana ganin shi ne bai iya ba. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda aka karɓa tun yaro na jariri, ita ce kariyarsa ranar da aka yi masa musu.

Sai dillalai. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Bayan sallar la'asar ana wasa a filin makarantar firamare, ƙura na tashi, wani baƙo mai tsadaddiyar waya ya tsaya a gefe yana ɗaukar bidiyo. Bayan kwana biyu sai ga shi a zaure, ya tuɓe takalmi, ya gaida mai gida da ladabi. "Baba, wannan yaron naka ba na nan ba ne. Akwai ƙungiya a Turkiyya da ke neman irinsa, na riga na tura musu bidiyonsa. Kuɗin biza da na jirgi kawai suka rage." Ya buɗe waya ya nuna hotunansa da Turawa, ya nuna wata takarda mai tambarin ƙungiya. Dattijon ya juya takardar, ba ya karanta Turanci, yaron na tsugune a bakin ƙofa idonsa na ƙyalli. "To, Alhaji, nawa abin zai ci?" Daga nan sai sayar da fili, ko shanu, ko sarƙar gwal ɗin uwa. Wani dillalin daga ranar da ya karɓi kuɗi wayarsa ba za ta sake shiga ba. Wani zai kai yaron da bizar yawon buɗe ido, ya ajiye shi a ƙaramin otal, ya karɓe fasfonsa, ya ce gobe za a je gwaji, goben da ba za ta zo ba. Tsohon ɗan wasan Kamaru Jean-Claude Mbvoumin ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa saboda yawan irin waɗannan yara da aka yasar a titunan Turai. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara daga Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Laberiya, zuwa ƙasar Laos da sunan makarantar ƙwallo, aka ajiye su suna kwana a ƙasa a cikin ginin filin wasa.

Ko wanda ya isa ƙungiya ta gaskiya bai tsira ba idan bai san abin da yake sa wa hannu ba. Nii Odartey Lamptey na Ghana shi ne gwarzon gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 1991, kuma Pele da kansa ya ce yana ganin magajinsa a jikin yaron. Da taimakon Stephen Keshi ya isa Anderlecht ta Beljiyam yana ƙaramin yaro, ya haskaka a can, ya haskaka a PSV, ya samu tagulla da Ghana a wasannin Olympics na 1992. Amma kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa, a lokacin bai iya karatu da rubutu ba. Ya rattaba hannu a takardar da ta miƙa ragamar cinikinsa ga wakilinsa, aka yi ta yawo da shi inda kuɗin ciniki yake: Aston Villa, Coventry, Italiya, Ajantina, Turkiyya, Portugal, Jamus, Sin, Saudiyya. Kafin ya kai shekara 25 an daina lissafa shi cikin manyan 'yan wasa. Da ya dawo gida, makaranta ya buɗe a Accra mai suna Glow-Lamp, kuma ya ce ya yi haka ne don kada wani yaro ya faɗa ramin da jahilci ya jefa shi.

Akwai dokokin da ya kamata kowane uba da kowane kocin unguwa ya haddace. Tun 2001 FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa wata don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. Dokar ba ta wasa ba ce, an hukunta Barcelona a kanta a 2014, an hukunta Chelsea a 2019. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 Turai ya sa hannu a kwantiragi, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma hanyar da zai bi ta haram ce. Wakilin 'yan wasa na gaskiya yana da lasisin FIFA da ake iya dubawa a intanet, kuma ba shi da ikon ƙulla komai da yaro sai da sa hannun mahaifi ko waliyyi. Ƙungiyar da ke son ganin yaro da gaske ita ke aiko da takardar gayyata da za a iya tabbatarwa ta hukumar ƙwallon ƙasa, ba ta neman kuɗin gwaji daga talaka. Kada kuma a sa hannu a kowace takarda sai wani lauya da ba dillalin ne ya kawo shi ba ya karanta ta, ya fassara wa iyaye da Hausa. Yin rajistar yaro da ƙungiyarsa ta gida a hukumance ma yana da amfani, domin dokar FIFA ta ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kocin da ya san haƙƙinsa na nan a rubuce ba zai yi gaggawar sayar da yaro da araha ba.

Wani tarkon kuma sunan babbar ƙungiya ne. A 2015 Kelechi Nwakali ne gwarzon gasa, Victor Osimhen kuma ya ci ƙwallo goma. Nwakali ya sa hannu a Arsenal a 2016, gari ya ɗauka, amma dokar izinin aiki ta Ingila ta tare shi, aka yi ta tura shi aro Holland da Portugal, har ya bar ƙungiyar bai buga mata wasan gasa ba. Dominic Adiyiah na Ghana, gwarzon gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2009, haka ya je AC Milan ya fito bai taka mata leda a gasa ba. Shi kansa Osimhen ya kusa bin wannan hanya: a Wolfsburg ko ƙwallo ɗaya bai ci ba, ga rauni ga rashin lafiya. Abin da ya cece shi shi ne ya yarda ya sauka zuwa Charleroi ta Beljiyam inda zai riƙa buga wasa kowane mako, daga can Lille, sai Napoli, sai gwarzon Afirka a 2023. Ahmed Musa sai da ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars kafin ya fita, kuma da ya tashi fita ƙaramar VVV-Venlo ta Holland ya nufa. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, daga ƙananan rukunonin Portugal ya faro kafin ya kai Porto a 2020. Tsakanin shekara 18 da 21 babu abin da ke gina ɗan wasa kamar buga wasa, kuma rigar babbar ƙungiya ba ta koya wa wanda ke zaune a benci komai.

Ga kaɗaici. Yaron da ya tashi a gidan yawa, bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, sai ga shi a ɗaki ɗaya a garin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu a lokacin sanyi, ba ya jin yaren kowa, bai san inda zai sami abincin halal ko masallaci ba, azumi ya zo ga atisaye safe da yamma. Idan waya ta yi ƙara daga gida, da wuya a tambaye shi yadda zuciyarsa take. Kuɗin haya, kuɗin asibiti, auren ƙanwa, jarin yaya, kujerar Makka. Taimakon iyaye wajibi ne kuma albarka ce, babu mai musun wannan. Amma ɗan shekara 18 da ke karɓar albashin ɗan koyo, aka ɗora masa dangi gaba ɗaya, dole ya bi duk ƙungiyar da ta fi ba da kuɗi yau, ko da can ne ƙwallonsa za ta mutu. Freddy Adu, haifaffen Tema a Ghana, yana da shekara 14 ya fara buga gasar manya a Amurka a 2004, kamfanoni na rububinsa, kuma kafin ya gama ya ratsa ƙungiyoyi fiye da goma a ƙasashe daban-daban.

Rauni kuwa shi ne mai yanke hukunci cikin daƙiƙa guda. Yaro ya juya da gudu a kan ƙasa mai tauri, ya ji wani abu ya ce ƙas a gwiwarsa, ta kumbura. A kai shi wurin mai ɗori, a shafa magani, a ɗaure, bayan mako uku kumburi ya saɓe, ya sha tramadol ya koma fili don kada wani ya gaje masa gurbi. Masu ɗori sun san aikinsu a kan karaya da targaɗe, amma jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki idan ta tsinke ba ta haɗewa da ɗauri. Sai an ɗauki hoto, sau da yawa sai an yi tiyata, sannan a yi watanni ana motsa jiki a hannun ƙwararru. Wanda ya ci gaba da wasa a haka guringuntsin gwiwar yake cinyewa, kuma ranar da ya je gwajin lafiya a wata ƙungiya nan take za a gani. Gwiwar da ta kumbura ko take sulluɓewa wurinta asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, tun a makon farko. Haka ma gwajin zuciya. Gwajin da aka yi wa Nwankwo Kanu a Inter Milan a 1996 ne ya gano matsalar zuciyarsa, aka yi masa aiki, ya dawo ya ƙara shekaru yana wasa. Samuel Okwaraji kuwa a fili ya faɗi a Legas a 1989, ana wasa da Angola.

Duk wannan ne ya sa nake ganin babu kuskuren da ya kai cire yaro daga makaranta saboda ƙwallo. Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Atisayen yaro ɗan shekara 14 bai wuce awa biyu a rana ba, sauran yinin fa? Wanda ya iya karatu zai karanta kwantiraginsa, zai fahimci abin da koci ke zanawa a allo, zai yi saurin koyon yaren ƙasar da ya je, zai san abin da ya shiga asusunsa da abin da ya fita. Duk makarantar ƙwallon da ba ta tambayar sakamakon jarabawar yaro, ko take sa atisaye a lokacin aji, iyaye su yi hattara da ita. Wanda boko bai karɓe shi ba a haɗa masa da sana'ar hannu, ɗinki ko walda ko gyaran waya. Ko wanda ya yi nasara ma, yawanci kafin shekara 35 ya gama, ga sauran rayuwa a gabansa.

Saura yadda muke karɓar wanda ya dawo. Philip Osondu shi ne gwarzon gasar yara ta duniya ta 1987 a Kanada, ya tafi Anderlecht, bai samu shiga ba, ya gangara ƙananan ƙungiyoyi, ya ƙare yana ƙananan ayyuka a Beljiyam har ya rasu a can a 2019. Da yawa irinsa da ba a san sunansu ba sun gwammace su zauna a ƙasar mutane babu takardu da su dawo a riƙa nuna su da baki a majalisa, ana cewa ga ɗan Turai nan ya dawo da jakarsa. Wanda aka sayar da gona dominsa yana ɗauke da nauyin da shi kaɗai ya san shi. A Ingila, mutuwar Jeremy Wisten a 2020, matashi ɗan shekara 18 da makarantar Manchester City ta sallama bayan ya yi fama da rauni, ta tilasta wa ƙungiyoyi sake duba yadda suke kula da yaran da suka sallama. Mu a nan ko maganar ba mu fara ba. Yaron da ya dawo ya daina fita, ya daina cin abinci, ya koma kwana da rana, ko ya fara shaye-shaye, ba lalaci ne ya same shi ba, yana buƙatar a zauna da shi, idan abin ya yi tsanani a kai shi ga likita.

Kuma irin wannan matashi yana da abin da unguwa ke buƙata. Ya ga yadda ake atisaye na gaske, ya san fuskar dillalin ƙarya, ya san abin da sanyi da kaɗaici ke yi wa mutum. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da kociyoyi, hukumomin ƙwallo na jihohi suna ɗaukar masu koyon alƙalanci, makarantun firamare da sakandare da yawa ba su da mai koyar da wasanni. Masu hali da ke sa kofi a unguwanni lokacin hutu ko lokacin siyasa, da za su ware kaɗan daga kuɗin riguna da na bikin rufe gasa su biya wa mutum biyu ko uku irin waɗannan kuɗin kwas, da kowane fili ya samu babba guda da zai karanta takardar gayyata kafin a kai ta zaure.